Rabin Maganata da Aka Sayar a Kebbe

Shekarar da na ajiye alli ita ce shekarar da aka fi ambaton sunana a Tambuwal, kuma ba da alheri ba. Na koyar da lissafi shekara talatin da biyar, babu wanda ya taɓa tare ni a hanya ya tambaye ni abin da na sani. Na yi magana guda a kan kasuwar canjin kuɗi, aka datse ta biyu, aka yi ta yawo da rabin farko daga nan har Kebbe. Ku a lokacin kuna makaranta, wasunku a Sakkwato, wasunku a Zariya, abin da ya iso kunnenku guntu-guntu ne. To ga shi nan cikakke, har da inda ni ma na yi wauta.

Babanku Sahabi na Kebbe, aminina, kun san shi, domin shi ya yanka ragon sunan biyu daga cikinku. Tare muka yi kwalejin horon malamai, kwano ɗaya muke ci, kuma shi ya raka ni neman auren uwarku Luba. Ya riga ni yin ritaya, ya sha jira kafin kuɗin sallamarsa su fito, sannan aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar taimakon juna ta tsofaffin malamai, wadda ta haɗa mutanen Tambuwal da na Kebbe. Ni kuma aka ba ni aikin duba lissafinta. Lokaci ne da naira ke zubewa kamar ganyen kaka, fanshon da ke sayen buhun gero ya koma da ƙyar yake sayen rabi. Da farkon damina Sahabi ya zo a kan babur ɗinsa, ko tabarma bai bari an shimfiɗa masa ba.

"Attahiru, tashi ka sa riga. Allah ya kawo muna mafita."

"Wace iri?"

"Wani yaro na yaz zaka dab birni. Shina koya ma mutane sayen dala da waya, kana kwance ɗakinka. Kuma duk lissafi na, abinka."

Mutumin da ya kai ni gunsa kowa Injiniya yake ce masa, har yau ban san injiniyan mene ne ba. Yana da farar mota, da waya biyu, da murmushin da ba ya gajiya. Ya kama hayar wani ɗakin taro, ya haska bango da hoton kasuwar da suke kira foreks, inda ake sayen kuɗin wata ƙasa da na wata, a sayar idan sun tashi. Farashi na hawa yana sauka, kore da ja. Ya ce wahalar duka ita ce sanin lokacin shiga da lokacin fita, kuma shi yana da ma'auni uku, indiketa a bakinsu, masu faɗa wa mutum wannan lokaci. Na farko layi biyu ne na matsakaicin farashi, ɗaya na kwanaki kaɗan, ɗaya na kwanaki masu yawa. Idan gajeren ya haye dogon sai ka saya, idan ya nutse ƙarƙashinsa sai ka sayar. Na biyu RSI, mai tafiya daga sifili zuwa ɗari. Ya wuce saba'in an ce saye ya yi yawa farashi zai faɗo, ya gaza talatin an ce zai tashi. Na uku MACD, mai auna ratar da ke tsakanin matsakaici biyu, ko tana buɗewa ko tana rufewa. Ya ce idan ukun suka yarda da juna, shaidu uku ke nan, ko alƙali ba ya neman fiye da haka.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga raina. Na biya kuɗin ajin da hannuna. Ɗakunan baya na yoyo, aljihu ya yi sanyi, ga kuma girman kan tsohon malami da ya ga an zo fagensa. Ana gab da tashi Injiniya ya matso kusa da ni, wani na biye da shi da waya a ɗage.

"Baba, kai ne masanin lissafi a nan. Ka ga yadda ake fitar da su. Akwai kuskure?"

Na ce, "Lissafin daidai yake, babu kuskure ko ɗaya cikinsa. Amma lissafi daidai daban, sanin gobe daban. Sai na gwada tukuna."

Haka na faɗa, kalma da kalma. Ku riƙe wannan.

Na dawo gida na buɗe asusun gwaji, wanda kuɗin cikinsa na wasa ne amma farashin na gaske. Na sayi littattafan rubutu uku, kowane ma'auni da nasa. Na kafa wa kaina doka ɗaya, irin wadda nake kafa wa ɗalibai a jarrabawa: a rubuta amsa kafin a ga sakamako. Duk lokacin da ma'auni ya ce saya ko sayar, sai in rubuta a take, in ja layi, in jira abin da kasuwa za ta yi. Bayan azahar da bayan la'asar, kullum ina ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, tabarau a hanci, har kusan wata uku. Uwarku tana dawowa daga asibitin da take aiki ta same ni a haka.

"Malam, ritaya anka yi maka ko sabon aiki anka ba ka?"

"Bincike ni ka yi."

"To Allah shi sa binciken shi toshe muna yoyon ɗaki."

Abin da na gani bai yi kama da abin da aka haska mana a bango ba. Layukan matsakaici suna da kyau idan farashi ya miƙe hanya ɗaya ya daɗe yana tafiya, sai dai kullum a makare suke zuwa, kamar mai isowa tasha mota ta ja. Idan kuwa kasuwa ta tsaya tana kai da kawo a wuri ɗaya, sai su ce saya yau, sayar gobe, saya jibi, kowane juyi da ɗan abin da dillali, wato kamfanin da ake cinikin ta hannunsa, ke cira, har mutum ya rame bai san ciwon da ya kama shi ba. RSI akasin haka ne. A kasuwa mai kai da kawo yana burge mutum, har na yi sati biyu ina ganin na kama bakin zaren. Sai dala ta ɗauki hawa, ya haye saba'in ya zauna a can kwana da kwanaki, yana cewa za ta faɗo, ita kuwa tana ƙara gaba. Shi MACD da na zauna na warware shi sai na yi dariya ni kaɗai, domin daga matsakaicin nan aka haife shi. Yardarsa da layukan ba shaida ta biyu ba ce, ɗa ne ke maimaita maganar ubansa. Kuma dukan ukun daga farashin jiya da shekaranjiya ake fitar da su. Kowannensu yana da irin kasuwar da yake yi wa daidai, amma babu wanda zai gaya maka wace irin kasuwa za ka wayi gari a ciki.

Na kai wa yayana Malam Buhari maganar a zaurensa, bayan ɗalibansa sun tashi. Bai san kore da ja ba, bai kuma nemi ya sani ba.

"Dalag ga da kas saya, tana ina?"

"Cikin waya, Yaya."

"In ka so, ana miƙo maka ita ga hannu?"

"A'a. Riba ko faɗuwa kawai aka rubuta ma mutum. Kuma dillalin shina ara maka ƙarfi, ka yi ciniki da ninkin abin da kas sa."

"To ni ba ni yanke hukunci bisa abin da ban gani ba. Amma canji, abin da munka karanta, hannu da hannu na. Ka yi hankali."

Da abin ya tsaya nan, da na rufe littattafaina na yi shiru, na ɗauki kuɗin aji a matsayin kuɗin makaranta. Sai ranar nan uwarku ta shigo ko mayafi ba ta cire ba, ta miƙo mini wayarta. Wata abokiyar aikinta, mai ba da magani, ta zuba kuɗin adashinta gun Injiniya, ta ce ai ba ta da fargaba tunda mijin Luba ya tabbatar. Na danna. Ga ni nan da farar hulata, ga muryata: lissafin daidai yake, babu kuskure ko ɗaya cikinsa. Shi ke nan. An yanke daga nan, an sa kiɗa, an rubuta sunana da shekarun da na yi ina koyarwa. Wata biyu ke nan abin yana yawo a wayoyin ma'aikatan ƙaramar hukuma da malamai da ma'aikatan lafiya, daga Jabo har Sanyinna, ni ina zaune ƙarƙashin bishiya ina jan layi.

Ban taɓa jin jinina ya hau irin na ranar ba. Mutum ya sace maka akuya ka san abin da aka ɗauka. Wannan bakina aka sata, ana shiga da shi gidajen mutanen da na koyar da 'ya'yansu. Na kira Injiniya a waya.

"Haba Baba, ai talla ce kawai. Kuma ba ƙarya muka yi ba, kai ka faɗa."

"Ina sauran maganar?"

"Bidiyo ba ya son tsawo. Bari ma in gaya maka, duk wanda ya shigo ta dalilinka akwai kasonka. Ni ma haka dillalin ke ba ni, a kan kowane mutum da kowane ciniki."

A nan ya faɗa mini gaskiyar da bai yi niyya ba. Shi ba ma'auni ke ciyar da shi ba, mu ne. Mu ci riba mu faɗi, nasa na shiga.

A satin ne Sahabi ya aiko cewa za a yi taron ƙungiya a Kebbe, za a yanke shawarar zuba asusunta gun Injiniya ya juya. Asusun nan da shi ake kai tsoho asibiti, da shi ake yi wa gwauruwar malami sutura. Shi kansa Sahabi ya riga ya zuba kuɗin sallamarsa. Ya ce in zo in yi bayani a matsayin mai duba lissafi, yana zaton goyon baya zan kawo. Na kira shi sau uku in faɗa masa tun a gida, layin Kebbe yana yankewa, da ya kama kuma sai ya ce komai ne mu yi shi can. Na san idan na tashi a gaban jama'a na rushe maganar, fuskarsa na zubar. Na yi kwana biyu ina juyi. Uwarku ce ta raba gardama.

"In za ka, kak ka tafi da rabin baki. Rabin bakin nan shi yaj ja muna wanga abu."

An yi taron a wani ajin firamare, an jera bencina, an ɗauko lasifika mai batir. Tsofaffi kusan cike da ɗaki, wasu tun daga ƙauye a kan babur, wanduna duk laka. Injiniya ya haska bango ya nuna wurare biyar ko shida da ma'aunansa suka faɗi daidai. Kowane ya nuna sai a ce Allahu Akbar. Da aka ba ni lasifika na fara da faɗin cikakkiyar maganata ta ranar farko, har da amma ɗin. Na faɗi abin da na gani a wata uku, ma'auni bayan ma'auni. Na ga idanu sun fara barina, domin ba wannan suka zo ji ba. Sai na ɗauki wani kwali a kan teburin malami na je bango.

"Injiniya, nuna baya ba wuya, ko ni na iya. Ja hoton nan baya zuwa watan da ni zan zaɓa. Zan rufe gefen dama da kwalin nan. Kai ka dubi shaidunka ukku, ka gaya muna saye ko sayarwa, sannan in janye."

Ya yi murmushi ya yarda. Na farko ya ce saye, na janye, farashi ya hau. Ɗaki ya ɗauki tafi, wani ya ce to Malam sai a zauna. Na ce a sake. Na biyu ya ce sayarwa, RSI ya wuce saba'in. Na janye, farashi ya ci gaba da hawa har ƙarshen bango. Na uku ya daɗe yana kallo, ya ce saye. Na janye, ya faɗi warwas. Na huɗu ya ƙi gwadawa. Ya kashe na'urar ya juya ga mutane, murya a sanyaye kamar wanda aka zalunta.

"Iyayena, ni ban zo jarrabawa ba, taimako na kawo. Baba ya nemi kaso na ce a yi haƙuri, shi ne abin ya zama haka."

Kun ji. A gaban mutanen da suka san ni tun ina saurayi. Na buɗe baki in rantse, hayaniya ta rufe ni. Wani tsohon hedimasta da na taɓa rufa wa asiri a gaban masu duba makarantu ya miƙe yana nuna ni da sanda.

"Hassada ta! Mutanen Tambuwal ba su son a ce arziki ya biyo ta Kebbe!"

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Sahabi ne ya taso, ya zare lasifikar daga hannuna, ya kashe ta, bai ko dube ni ba.

"Attahiru, ka yi naka. Zamna."

Aka ɗaga hannu. Mu huɗu muka ƙi, ni da wata tsohuwar malama da wasu biyu da ban ma san sunansu ba. Na fito ana yayyafi, babu wanda ya ce in tsaya in ci abinci a garin da nake da ɗaki a gidan amini.

Wata biyu na farko sun ci riba, ni kuwa na sha wuya. Aka cire ni daga duba lissafi da takarda mai layi uku. A masallaci wasu suka koma ba ni yatsu biyu wajen gaisawa. Ana turo wa uwarku hotunan riba a waya da gangan. Har ni kaina na fara tambayar kaina ko tsufa ne ya sa ni taurin kai. Sai wata ranar aiki da yamma aka fitar da labarin kuɗin ruwa daga can Amurka, dala ta ɗauki hawa babu waiwaye. Ma'aunin Injiniya ya ce saye ya yi yawa, ya sa suka sayar. Ta ƙara hawa, ya ce su ƙara, yanzu za ta juyo. Da ƙarfin aron nan na dillali, ɗan motsi kaɗan ya isa ya share mutum. Kafin magariba asusun ƙungiya ya tafi, na Sahabi ya tafi, adashin mai ba da magani ya tafi. Bayan kwana uku wayoyin Injiniya biyu duka a kashe.

Za ku ce to yanzu sai a zo a ba ni haƙuri. Haka ni ma na zata, har na shirya yadda zan ce ba komai. Abin da ya zo ƙofar gidana daban ne. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo ya tsaya a kan babur yana kunna mini muryata, yana cewa ni na jefa shi. Waɗanda ba su je Kebbe ba ba su san na yi magana ba, waɗanda suka je kuma kunya ta hana su faɗa. Mutum arba'in sun ga kwali a hannuna, aka rasa mai buɗe baki. Da kaka ta yi muka sayar da raguna biyu da wake muka gyara rufin ɗakunan baya, sai sabon zance ya tashi, wai ina da ma'auni na huɗu na ɓoye, ina ci ni kaɗai. Wato ni ne na kai su, ni ne kuma na hana su. Ban san yadda mutum ɗaya zai ɗauki laifin nan biyu ba, amma ni an ɗora mini, an kuma ɗaure da igiya.

Laifina na gaskiya ɗaya ne, kuma ba na gudunsa. Na yi magana a gaban wayar baƙo don a ce Malam ya sani, alhali ban gwada ba tukuna. Wannan nawa ne. Sauran ba nawa ba ne, kuma ba zan karɓa ba ko a kan gadon mutuwa.

Sahabi bai zo ba sai bayan kusan shekara. Ya sayar da gonarsa ta fadama ya mayar wa ƙungiya abin da ya iya, domin shi ba ɓarawo ba ne, kada ku taɓa yarda a ce muku haka. Ya koma koyarwa a wata makarantar kuɗi, da furfurarsa. Ranar da ya zo da hantsi, rigar ta yi masa yawa. Uwarku ta kawo fura, ya sha ludayi biyu ya ajiye. Muka yi maganar ruwa da ta taki. Ni ina jiran kalma ɗaya. Can ya matso ya rage murya.

"Attahiru, don zumuncin da ke tsakaninmu. Cikin ukkun nan, wane na na gaskiya? In na samu ɗan abin da zan fara da shi, ko rabi in maido."

Na dube shi, na rasa ko in yi kuka ko in tashi in bar masa tabarmar.

"Babu shi, Sahabi. Babu na fuɗu kuma. Abin da nig gaya maku Kebbe shi na iyakar abin da nis sani."

Ya murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"To da ka ƙara ɗaga murya."

Na ji maganganu goma sun taso mini har maƙogwaro, kowace ta isa ta kashe zumuncin shekara arba'in a take. Uwarku tana bakin ƙofar ɗaki tana kallona, ta girgiza kai sau ɗaya. Na haɗiye su, sun kuma ƙona ni.

Ya tashi ya yi sallama, na raka shi waje. Ya hau babur ya taka, ya ƙi tashi. Ya taka har gumi ya jiƙa masa wuya, mutanen da ke zaune a ƙofar shagon maƙwabci suna kallo, cikinsu har da masu cewa ni na cuce shi. Na naɗe hannun riga na kama bayan babur ɗin na tura, da ciwon gwiwata, ina haki, ina jin haushinsa har cikin ƙashina. Sai da muka kusa bakin kwalta injin ya kama. Bai waiwayo ba. Na tsaya riƙe da ƙugu har ya sha kwana ya ɗauki hanyar Kebbe, sannan na dawo a hankali, na wuce ta gaban mutanen shagon, ban yi musu sallama ba.